Injin Da Na Ƙi Shafa Wa Baƙin Mai

Ku 'ya'yana, na san labarin da kuka tashi kuna ji a gidan kawunku Sadisu: wai ubanku ya taɓa riƙe arziki da hannu biyu ya watsar da shi saboda taurin kai, shi ya sa 'ya'yan kawunku suka girma a Garki, ku kuka girma a Jikwoyi. Ummi ta taɓa tare ni da maganar tana 'yar sakandare, idonta cike da hawaye, na ce mata ta bari sai ta girma. To ga shi yanzu ita ma tana da masu tambayarta, ni kuma idona ya daina ganin ƙaramin noti sai da tabarau. Taurin kai dai ina da shi, ban taɓa musu ba, kuma dukkanku kun gada. Amma ku ji yadda abin ya faru daga bakin wanda ya riƙe sifanar.

Shekarun nan ne da soja suka koma bariki, kuɗin mai ya fara kwararowa, Abuja ta cika da motocin da a da sai a kalanda muke ganinsu. Ni kuwa garejina gindin wani mangwaro ne a bayan gidajen ma'aikata a Garki: benci ɗaya, akwatin kayan aiki, da sarƙar ɗaga inji rataye a reshe. Shekara goma sha huɗu na yi ina koyon aikin inji a Kano kafin in zo, kuma ba yabon kai ba, a duk layinmu babu mai jin ciwon inji da kunne kamar ni. Amma bakaniken gindin bishiya ba shi da suna, "na wajen mangwaro" kawai ake ce mini. Ana nan sai masu rusau suka zo suka shafa jan fenti a katangar da muke jingina da ita. Aka kuma ce ana raba ginannun rumfuna a wani sabon wuri da aka ware wa makanikai, wanda ya zo da kuɗinsa a hannu shi ke samu. Abin da nake so ke nan a duniya: rumfa mai ƙofa da kwaɗo, da allo a sama ɗauke da sunana.

A wannan shekarar Abba ya zo mini. Ɗa ne ga wani Darakta a ma'aikatar tarayya, Bakatsine mai tsare gida, wanda na daɗe ina yi wa motarsa sabis. Abba yana da wata mota 'yar Jamus mai ƙofa biyu, silinda takwas, kuma yana cikin samarin nan masu wasan mota in an ɗaura aure, su yi ta juyi a tsakiyar titi, taya na hayaƙi, 'yan mata na ihu. Ranar da janwe, motar jan matattun motoci, ya jawo ta, ina ganin man da ke ɗiga ƙarƙashinta ya haɗe da ruwa na san injin ya buga.

"Malam Hamisu, kowa cewa yake in sayi ɗan Beljiyam in sa," in ji shi. "Ni kuma ba irin wanda kamfani ya yi nake so ba. Wanda ya fi shi nake so. Za ka iya?"

"In za ka iya sayen kayan, kuma za ka iya wata huɗu ba ka zo ka tsaya mini a ka ba, zan iya."

Ɗan Beljiyam, don waɗanda ba su bi ni gareji ba a cikinku, shi ne tsohon injin da ake cirowa daga motocin Turai a lodo a kwantena. Shi kowa ke saya, don ba a yarda ɗan ƙasa zai buɗe babban inji ya mayar da shi daidai ba. Ni kuwa na daɗe ina jiran wanda zai ba ni dama in ƙaryata wannan magana. Na ɗauki bulok ɗin da kaina na kai Kaduna aka faɗaɗa ramukan silindar, ina tsaye a kan mai injin yankan kwana biyu har ya gaji da ni ya ce in ba zan zauna ba in kwashi kayana. Abba ya sa aka aiko da manyan fistin da tobo, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, daga waje. Fistin ɗin nan takwas, ɗaya bayan ɗaya na kai su kasuwa wajen wani mai sayar da zinare na roƙe shi ya ɗora mini a sikelinsa. Wanda ya ɗara sauran nauyi in koma in goge shi kaɗan in dawo, har duk suka zo daidai. Mutumin ya ɗauka ina da taɓin hankali. Kullum in zan tashi, da zanin mahaifiyarku nake rufe injin don kada ƙura ta shiga, ta yi ta mita wai atamfarta ta zama matar inji. Ranar da na ɗaure noti na ƙarshe na murza makulli, bai yi tari ba ko sau ɗaya. Ya tashi da wata murya mai kauri, har masu wankin mota na can gefe suka bar bokitansu suka zo kallo.

Wata Lahadi da hantsi muka hau hanyar filin jirgi, ni ke tuƙi, Abba na gefe. Titin nan fayau, ba kowa. Na taka ta kaɗan, ta manna mu da kujera, na ƙara takawa, Abba ya fara salati yana dariya. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Wannan ne kaɗai karon da na tuƙa injin nan.

Bai yi kwana goma ba, a wajen wani biki, abokin Abba ya kwashe wani mai kallo da mota ya karya masa ƙafafu. Abba ba ya ma wurin, amma labari ya kai kunnen Darakta har da sunan wanda ya haɗa wa ɗansa inji. Ya aiko a kira ni. Na same shi a falo da la'asar, jarida a hannu, bai ce in zauna ba.

"Malam Hamisu, kai ka haɗa wannan abin?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"An ce ya yi kyau." Ya ninke jaridar. "To ka cire shi. Ka sa na gama-gari, motar sayar da ita za a yi, yaron kuma karatu zai tafi. Injin na ba ka halak malak, ka yi yadda kake so da shi. Kada dai in sake jin ƙararsa a unguwar nan."

Na fito raina biyu. Na ji zafin an raba shi da motar, amma tun kafin in kai bakin titi na gane abin da aka ba ni. Injin nan kaɗai ya isa ya saya mini rumfa har da canji. Da na faɗa wa mahaifiyarku, tana da cikin Sani a lokacin, sai da ta yi guɗa a ɗakinmu ɗaya na haya a Jikwoyi har maƙwabta suka leƙo. Washegari na yi kuskuren da har yau 'yan kasuwar Jabi ke ba wa junansu labari. Na sayi fetur da garin sabulu da tsohon buroshin haƙori, na wuni ina wanke injin lungu-lungu har yana ɗaukar ido. Na ce tunda amarya zan kai kasuwa, bari ta tafi da kwalliyarta. Na ɗora shi a a-kori-kura na nufi Jabi, inda kawunku Sadisu, yayan mahaifiyarku, yake da shagon injinan Beljiyam kusa da tasha. Yana ganin an yaye zanin ya ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Hamisu, wa ya aike ka? Wanke shi ka yi?"

"To da fa, Yaya? Da datti zan kawo shi?"

"Kai dai Allah ya shirye ka. Shekara nawa kana sayen inji a nan?"

Gaskiyarsa, kuma na san dokar, murna ce ta rufe mini ido. A wannan kasuwa datti shi ne takardar shaida. Ɗan Beljiyam na gaske yana zuwa ne da busasshen mai a jiki, da ƙurar kwantena, da lambobin da aka rubuta masa da rawayan fenti. Mai saye ba ya tambayar ƙarfi, duƙawa yake ya duba kan notuna ko sifana ta taɓa lasar su, ya duba bakin gaskit ko sabo ne. Kalma ɗaya ke sayar da inji a Jabi: ba a taɓa buɗe shi ba. Ni kaina na sha faɗa wa masu mota haka in na rako su. Inji mai sheƙi kuwa, ko dai yana yoyon mai aka wanke don a ɓoye, ko kuma ɗan ƙasa ya sa masa hannu, kuma a wajensu na biyun ya fi muni. Na farkon da ya tsaya shi ne Oga Sunday, dillalin da ke samo wa manya kayan manyan motoci. Ya zagaya shi sau biyu, ya laƙaci gefensa da yatsa, yatsan ya fito fes.

"Oga, wannan inji an buɗe ta," in ji shi da irin Hausarsa. "Inji mai kyau ba ta wanka."

"Ni na buɗe shi, ni na haɗa shi. Ya fi yadda kamfani ya yi shi."

"Kai? A ina? Jamus?"

"A Garki, gindin mangwaro."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, na kusa da shi suka taya shi. Na ji kamar in kwaɗa masa sifana, Allah dai ya kiyaye. Sati uku injin nan yana zaune a kan tsohuwar taya a ƙofar shagon kawunku. Kowa ya zo ya yaba kyansa, ya ji an buɗe, ya juya. Wanda ya taya ma, tayin da zai yi cin mutunci ne. Ga shi kuma ana ta cewa rumfunan sun kusa ƙarewa. Rannan kawunku ya ja ni bayan shago, ya rage murya.

"Akwai wani Alhaji daga Kaduna, irin motar nan gare shi, ɗan Beljiyam yake nema ido rufe. Asabar zai zo da yamma. Ka bar mini injin. Tsohon baƙin mai zan shafe shi da shi, in watsa masa ƙasa, rana ta gasa shi, in rubuta masa lamba da fenti. Wallahi kai kanka ba za ka gane shi ba."

"In ya tambaya ko an buɗe fa?"

"Kai ka tafi masallaci a lokacin, ni zan yi magana. Kuma wa muka cuta? Naka ya fi duk abin da ke shagon nan sau goma. Alheri ma za mu yi wa mutumin, bai sani ba."

Ku sani, kawunku ba mugu ba ne. Ƙanwarsa yake dubawa da cikinta da ɗakin hayarmu, kuma maganarsa ta shige ni, don injin ya fi ɗin. Kwana biyu ina juya ta. Zan so in ce muku tsoron Allah ne kaɗai ya tsayar da ni, amma na yi wa kaina alkawarin faɗar gaskiya a takardun nan da nake rubuta muku. Tsoron Allah yana ciki, don ko na tafi masallaci na san rantsuwar da za a yi a bayana tawa ce. Amma abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne wannan: injin zai yi ruri a titunan Kaduna, mutane su tsaya su ce kai, Bature ya iya aiki. Wata huɗuna, da sikelin mai zinare, da tsayuwar da na yi a kan bulok, duk a miƙa wa wani Bature da bai san ana yi ba. In na sayi rumfa da wannan kuɗi na rataya sunana a kai, sunan me? Ranar Juma'a da safe na faɗa wa mahaifiyarku komai, tana zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba sai da na gama.

"Baban Ummi, ni ban ce ka yi ƙarya ba, kuma ba zan ce ba. Amma faɗa mini, in aka sare bishiyar nan, a ina za ka rataya sarƙarka?"

Ta watsar da tsakuwar da ta tsince, ta ci gaba.

"To ka yi abin da zuciyarka za ta iya ɗauka. Amma kada ka zo ka ce mini don mu ka yi. Na san ka. Don kanka za ka yi, mu kuma mu biya."

Maganar nan ta yi mini zafi, kuma gaskiya ce. Duk da haka ranar Asabar da sassafe na ɗauki akwatin kayan aikina da tamfol na tafi Jabi. Na tarar kawunku har ya ajiye bokitin baƙin mai da tsumma kusa da injin. Na matsar da bokitin gefe, na shimfiɗa tamfol a ƙofar shago, na ɗora sifana a kan notin farko. Tunda sun ce laifinsa an buɗe shi, to zan buɗe shi a gabansu su ga abin da ke ciki, in sayar da kayan ɗaya-ɗaya. Kayan inji in suna a warwatse ba wanda ke tambayar ko an buɗe, ido ne ke ciniki.

"Hamisu, me kake yi haka? Ka haukace ne? Mutumin yana hanya!"

"Ka sayar masa da ɗaya daga cikin naka, Yaya. Wannan ba ɗan Beljiyam ba ne, ɗan Garki ne."

Kafin azahar wurin ya cika. Makanikai masu zuwa sayen kaya, direbobin tasha, dillalai, kowa ya tsaya kallon mahaukacin da ke wargaza lafiyayyen inji. Na sauke tobo, na ɗaga kan silinda, na zaro fistin takwas na jera su, na ciro karanshaf na kwantar. Duk wanda na ciro sai in ɗaga shi in faɗi abin da na yi masa da inda aka yi, da ƙarfi, kamar mai tallan magani. Kowane noti na kwance ina jinsa a ƙirjina. Abin da na yi wata huɗu ina haɗawa, yini ɗaya ya ishe ni in raba shi. Can sai ga Oga Sunday ya kutso. Ya tsuguna ya zura yatsa a cikin ramin silinda ya zagaya, ya ɗauki fistin biyu, ɗaya a kowane hannu, ya daɗe yana jinjina su. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Kai ka yi wannan? Da gaske?"

"Na faɗa maka tun farko."

"Hannunka tana da kyau, Oga," in ji shi. Sannan ya taya tobo da kan silinda, ya matse ni a ciniki kamar bai taɓa yabona ba, don dillali dillali ne.

Kwana goma kayan suka yi suna tafiya, wannan ya ɗauki fistin, wancan ya ɗauki karanshaf, wasu Kano, wasu Legas. Abin da na samu duka bai kai rabin abin da Alhajin Kaduna zai biya ba, kuma kafin in haɗa shi an rufe rabon rumfuna. Kawunku ya ce daga ranar kada in sake kawo masa ko fulogi, na kunyata shi a gaban kasuwa. Bayan wata ɗaya aka sare mangwaron. Na dawo wani fili a Jikwoyi kusa da hanyar Karshi, na kafa ƙarafa uku na rataya sarƙata, rana ta dake ni, ruwa ya dake ni. A ɗakin hayar nan mai yoyo aka haifi Sani. Mahaifiyarku ta sayar da kekenta na ɗinki a wannan daminar, ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wannan shirun nata ya fi mini gori ciwo. In akwai wanda ya biya kuɗin girman kaina, ita ce, kuma ina so ku san haka tun ina raye. Aiki dai ya zo, amma a hankali. Waɗanda suka tsaya kallo a Jabi suka fara turo mini manyan injinan da suka buga, suna cewa a kai wa Hamisu wanda ya buɗe inji a kasuwa. Har Oga Sunday ya riƙa turo mutane. Ban yi arzikin kawunku ba, ba kuma zan yi ba. Amma da za a mayar da ni wannan Asabar ɗin, sifanar zan sake ɗauka.

Shekara uku kawunku bai taka inda nake ba. In mun haɗu a suna ko ɗaurin aure, mu yi musabaha ido na kallon wani wuri. Sai wata rana, saura mako guda Babbar Sallah, ina kwance ƙarƙashin wata mota na ji janwe ya tsaya a bakin fili. Na leƙo, sai na ga doguwar motarsa ta gida, wadda yake kwasar matarsa da yara zuwa Kano da ita duk shekara. Shi kuma yana tsaye a gefe cikin farar shadda, yana kallon ƙasa kamar ya yar da wani abu. Na fito ina goge hannu, muka gaisa sama-sama.

"Ta buga," in ji shi.

"Allah ya kiyaye gaba. To ai shagonka cike yake da 'yan Beljiyam, Yaya. Waɗanda ba a taɓa buɗewa ba. Ka zaɓi ɗaya in sa maka, kafin gobe ka hau hanya."

Ya juya ya dubi motar. Sannan ya miƙo mini makullin.

"Waɗannan na sayarwa ne, Hamisu. Ban san abin da ke cikinsu ba. Wannan kuwa iyalina ne ke shiga. Buɗe shi."

Na karɓi makullin, na jawo masa benci ya zauna.